Igiyar Akuya a Gaban Alƙali

'Yar yayana tana tafiya cikin barci. Tun tana ƙarama ta fara, lokacin suna zaune a Tsafe, bayan layin masu sayar da rake da dankali a bakin titin Funtuwa. Sai an tashi sallar asuba a ga tabarmarta wayam. An taɓa samunta a zauren maƙwabta ta rungume turmi. An taɓa samunta a garken wani Bafillatani mai kawo musu nono, tana kwance tsakanin 'yan maruƙa tana minshari. Ran da aka tsince ta a tasha, zaune a kan bencin mai shayi, ido a buɗe amma ba ta ganin kowa, ranar ce uwarta ta daina dariyar abin. Shekarun ne da ko babba mai hankalinsa ba ya son gari ya waye masa a wajen gida, saboda mutanen daji.

An yi duk abin da ake yi. Innarmu, wadda ke zaune a Bungudu, ta aiko da rubutu cikin jarka da wani turaren hayaƙi da ya sa kowa tari ban da aljanin. Wani malami ya duba ya ce aljana ce mai son yawo, ya karɓi jan zakara, ya ce an gama. Zakara ya tafi, aljana ta zauna. Aka sa wa ƙofa sakata, yarinya ta koyi zare sakata cikin barci, abin da ba ta iya ba a farke. Aka sa kwaɗo, zafin bazara ya koro kowa tsakar gida. Daga ƙarshe ni na kai su wurin likita a Gusau, tunda ni ne ɗan bokon gidanmu, kuma duk abin da ya gagari malamai a kaina yake ƙarewa. Likita ya ce ba abin tashin hankali ba ne, za ta bari in ta girma, a dai tsare ta kada ta faɗa rijiya ko ta hau titi.

Matar Yaya ce ta samo dabara. Idan za su kwanta sai ta ɗaure ƙafar yarinyar da tata ƙafar da ɗankwali, ko yaya ta motsa za ta ji. Abin ya yi aiki har ran da ɗankwalin ya zame. Yaya kuwa hatsi yake sayarwa, kuma tun fil azal bai yarda da ƙullin mata ba. Ya ɗauko igiyar wata akuya da ya sayar, ya yi mata ƙulli irin na bakin buhu, baki ɗaya a ƙafar ɗiya, ɗayan a ƙafar uwa, da sauran tsawo yadda kowa zai iya juyi. Tun daga nan aka samu barci a gidan. Sai dai igiyar kaba ce, a hankali ta bar musu baƙin zobe a idon sawu, su biyun, kamar waɗanda suka sayi munduwa iri ɗaya.

Da lamarin hanya ya ƙara lalacewa, Yaya ya kwaso iyalinsa ya kama musu ɗaki biyu a Tudun Wada, kusa da ni, shi kuma yana zuwa Tsafe ranar kasuwa ya dawo. Aka sa yarinya wata makarantar kuɗi wadda sunanta ya fi gininta girma. Malamar ajinsu yarinya ce ɗanya shakaf, ba ta daɗe da dawowa daga wata bita kan kare haƙƙin yara ba, idonta a buɗe yake tana neman inda za ta gwada abin da ta koyo. Wata rana ana cire takalma za a yi alwala, ta hango zoben.

"Zo nan. Me ya same ki a ƙafa?"

"Igiya ce, Malama."

"Wa ya ɗaure ki?"

"Babana. Kullum sai ya ɗaure ni."

"Da wace irin igiya?"

"Ta akuyarmu. An saida akuyar, ni na gaji igiyar."

Yarinyar bakin Inna ta ɗauko, ba ta barin zance ya mutu a hannunta. Ganin Malama ta zaro ido, sai ta ji daɗi ta ƙara da cewa in ba a ɗaure ta ba guduwa take yi, kuma ta taɓa kwana cikin shanu. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, ko ɗigo ba ta ƙara ba.

Har yau ban ga laifin malamar ba. A shekarun nan an sha fito da yara daga ɗakunan da aka kulle su, wasu da mari a ƙafa, wasu ba su iya tsayuwa. Wanda ya ga irin waɗannan hotuna, ya kuma ji yarinya ta ce ta gaji akuya, dole hankalinsa ya tashi. Ta kai magana inda aka koya mata ta kai. Waɗanda ta kai wa maganar ne suka manta cewa ana tambaya kafin a yanke hukunci.

Da la'asar suka zo. Yaya ya dawo daga Tsafe ke nan, ya cire riga, yana zaune da kwanon fura. Mota ta tsaya, 'yan sanda suka diro kamar an ce musu an ɓoye bindigogi a rumbu. Bayansu wata Hajiya ce daga ofishin kula da walwalar yara, da tabarau da ƙatuwar jaka, sai wani saurayi daga wata ƙungiya wanda tun daga zaure ya ɗaga waya sama yana ɗaukar bidiyo. Suka samu igiya a rataye jikin ƙusa. Ɗan sandan da ke jagorantarsu ya sa sanda ya ɗago ta kamar mushen maciji. Rashin sa'a, mai gidan hayar yana da wani rago ɗaure a gindin bishiyar darbejiya a tsakar gida. Saurayin nan ya ce a zaunar da yarinya kusa da ragon don a nuna yadda abin yake. Ta zauna, ta kalli waya, ta washe baki. Ya ce ta daina dariya. Sai da aka sake ɗauka.

Matar Yaya tana ta bayani, ba wanda ya saurare ta. Ta ja zaninta sama kaɗan ta miƙo ƙafa, ta ce, "Ku duba, ga tawa shaidar, tare anka ɗaure mu." Ɗan sandan ya kau da kai ya ce, "Hajiya, rufe jikinki." Suka sa Yaya a bayan mota da singileti, suka sa yarinya a gaba kusa da Hajiyar walwala, suka tafi.

Ni ina can ban san wainar da ake toyawa ba. Kafin magariba bidiyon ya shigo zauren sada zumunta na ofishinmu, wani abokin aikina ya rubuta a ƙasa, Allah ya tsine wa irin waɗannan iyaye. Na fara rubuta amin ke nan, na gane hular da ke kan mutumin. Ni na saya masa ita da ƙaramar sallah.

A gidanmu an ɗauka tunda ina aikin gwamnati, ni da gwamna a kwano ɗaya muke cin tuwo. Gaskiyar ita ce ina kula da wani sito ne na taki wanda rabonsa da ganin taki har ɓeraye sun yi hijira. Duk da haka na sa babbar riga na tafi ofishin 'yan sandan ina tafiyar manya. Mai binciken, wanda shi ne ya jagoranci kamen, mutum ne mai fara'a da tumbi, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Duk abin da na ce, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai bincike muke yi, ranka ya daɗe." Na ce ga sunan likitan da ya duba ta, a kira shi. Ya ce za a kira shi in bincike ya kai wurin. Na ce a duba ƙafar uwar. Ya ce bincike bai kai ƙafa ba tukuna.

Na hango Yaya ta bayan kanta, ya riƙe ƙarfen ƙofa, an cire masa hula. Mutumin da ko a gida ba ya yarda ƙannensa su gan shi ba hula. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ka ce ma Inna kar ta zo."

Washegari Inna ta zo. Motar farko daga Bungudu ta hawo, da sandarta da ƙullin goronta. Ta tsaya gaban mai bincike ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Kai ɗan wane gida ne?"

Ya faɗa mata garinsu, yana murmushi.

"To, garinku ba a ɗaure yaro? Wanga da kunka kulle, da hannuna na ɗaure shi jikin turmi sadda shika rarrafe, don kar ya faɗa murhu. Wancan mai babbar riga ma na ɗaure shi. Ni kaina an ɗaure ni. In ɗauri laifi ne, ku buɗe ɗaki mu shiga gaba ɗaya."

Na ga mutumin ya jawo biro ya fara rubutu. Na kama hannun Inna na yi waje da ita tana tirjewa, kafin a kulle zuri'ar gaba ɗaya.

Yaya ya haura mako a ciki ba a kai shi gaban alƙali ba. Da aka gaji da ganin fuskata aka ba da shi beli, ni na tsaya masa. A jikin bangon an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Na karanta rubutun sosai, don na samu lokacin karatu. Ya fito ya rame, ga tsami, ga cizon sauro, bai tambayi abinci ba, ya tambayi inda ɗiyarsa take.

Tana wani gidan renon yara a can gefen gari. Uwarta ta yi ta zarya, kullum mai gadi ya ce sai da izinin Hajiya, Hajiya kuma kullum ta tafi taro. Takan tsaya bakin ƙofa da ɗan kwanon ɗanwake a ɗaure cikin tsumma, har ya huce, ta ba mai gadi ta dawo. Mai gadin ya yi ƙiba a 'yan makonnin nan.

Ana nan kwatsam sai aka kira mu aka ce mu zo da kakar yarinya. Hajiyar walwala ta ce sun yi nazari, sun ga ya fi kyau yarinya ta zauna hannun kakarta a Bungudu, da sharaɗin iyayenta ba za su kwana gida ɗaya da ita ba har a kammala bincike. Yadda suke gaggawar miƙa ta ya ba ni mamaki. Har kayanta an riga an ɗaure, an ajiye bakin ƙofa. Amma wanda aka ba ɗansa ba ya tsayawa tambayar dalili.

Haka matar Yaya ta koma 'yar tasha. Da safe ta hau mota zuwa Bungudu, ta yi wa ɗiyarta kitso, ta wanke mata kaya, rana na yin sanyi ta kamo hanya don kada duhu ya same ta. Inna kuwa a daren farko ta yage tsohon zani ta ɗaure jikarta da ƙafarta, ta ce gwamnati in ta isa ta zo ta kwance.

Wata Juma'a na bi matar Yaya zuwa Bungudu. Na tarar da yarinyar zaune bakin rijiya tana tsinke ganyen zogale, shiru. Wannan da a da sai an roƙe ta ta rufe baki a ji kiran sallah. Na tsokane ta, ba ta tanka ba. Can da na miƙe zan tafi ta biyo ni zaure, ta riƙe gefen rigata.

"Baffa, ni na sa anka kama Babana?"

Na ce a'a, ba ita ba ce. Ta ce to in ta daina magana a makaranta za a bar ta ta koma gida? Ban san abin da na ce mata ba.

Bincike bai ƙare ba, bai kuma nuna alamar zai ƙare ba. A kasuwar Tsafe mata masu sayen awo suna zuwa rumfar Yaya, su dube shi, su yi tsaki, su wuce ta gaba. A masallacin unguwa wani ya ja ɗansa daga kusa da shi a sahu. Yaya ya ce ya bar wa Allah. Yana faɗin haka sau da yawa a rana, da murya mai ƙarfi, yadda kowa zai ji ya bar wa Allah.

Matarsa ce ta gaji. Wata rana ina gidan ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa.

"Malam, Allah na nan, ba inda za shi. Kotu ma tana nan. Inda anka ɓata mu, can za a wanke mu. Ni na gaji da zuwa gaida ɗiyata kamar surukata."

Ta juyo gare ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, amma ranar ba wasa a fuskarta. "Kai kuma, ɗan boko, bokon naka na ado ne? Ba ka san lauya ko ɗaya ba?"

Na san ɗaya. Ajinmu ɗaya a sakandare, kuma da amsoshina ya ci lissafi. Yanzu yana da ofis a saman wani shagon taya, da tsohuwar mota da sai an tura ta, da bakin da ba ya gajiya. Ya saurari labarin yana buga tebur don daɗi. Ya ce ba za mu je mu yi gardamar ko ɗaure yaro da igiya abu ne mai kyau ba. Abin da za mu tambaya shi ne wa ya ba su ikon kulle mutum fiye da yadda doka ta yarda ba tare da kai shi kotu ba, wa ya ba su ikon nuna fuskarsa a duniya a matsayin mai laifi, kuma da umarnin wane alƙali suka raba yarinya da iyayenta. Ya ce ƙarar neman haƙƙin ɗan Adam ce, a babbar kotu, kuma 'yan sanda da ofishin walwala duk za mu haɗa.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. "Yanzu ni zan kai ɗan sanda ƙara?"

"Ƙwarai."

"To in ya ƙi zuwa, wa za ya kamo shi? Ɗan sanda?"

Lauya ya ce a bar masa wannan. Matar Yaya ta riga ta miƙa babban yatsa tana neman inda za ta dangwala.

Wanda bai taɓa shiga kotu ba yana zaton wuri ne na magana. Wurin jira ne. Yau alƙali ya yi tafiya. Gobe lauyan gwamnati bai samu takardu ba. Jibi ma'aikata suna yajin aiki, an sa wa ƙofa sarƙa. Muka shiga da shukar gero, har aka yi girbi aka kai rumbu muna kan benci. Yaya ya saba da wurin har mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ya fara sayen masara a hannunsa. Inna takan ce shari'a mace ce da ciki, amma tamu cikin giwa ta ɗauka.

Lauya ya ce irin wannan ƙara da takardun rantsuwa ake yinta, ba a cika kiran shaidu ba. To amma rantsuwarmu da tasu sun yi hannun riga: mu mun rantse an yi musu bayani sun ƙi ji, su sun rantse ba wanda ya ce musu komai. Alƙalin, wani dattijo siriri mai kallon mutane ta saman tabarau, ya ce tunda dole ɗaya ya rantse a kan ƙarya, yana so ya ga fuskoki.

Ranar da aka saurari shaidu kotu ta cika, don labari ya zaga. Mai bincike ya shiga akwatin shaida da kakinsa a goge. Aka ce ya fito da igiyar da aka kama. Ya buɗe leda ya zaro wata jibgegiyar igiya sabuwa ful, irin ta jan guga a rijiya mai zurfi. Ashe ta asalin ta ɓata a ofis, wani ya ruga kasuwa ya sayo madadi, ya kuma zaɓo wadda ta fi ban tsoro.

Yaya ya miƙe zumbur. "Wagga ba igiyata ba ce! Wagga ai ta raƙumi ce! Kuma dubi ƙullin, don Allah. Ni zan yi wanga ƙulli?"

Aka ce ya zauna. Ya zauna yana huci. Na lura kulle shin da aka yi bai ƙona masa rai kamar a jingina masa ƙullin banza a bainar jama'a ba.

Lauyanmu ya nemi izini matar Yaya ta nuna ƙafarta. Ta fito gaba, ta cire takalmi, ta ɗaga bakin zani kaɗan. Zoben yana nan, ya dusashe amma ana ganinsa. Lauya ya tambayi mai bincike ko an nuna masa wannan ƙafa ranar da ya je kame. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya ce tarbiyyarsa ba ta ba shi damar kallon ƙafar matar aure ba.

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. "Amma ta ba ka damar kulle mijinta."

Sai aka kira uwar ɗakin gidan renon, wato matar da ke kwana da yaran. Lauya ne ya nace a kira ta, saboda wata magana da yarinyar ta sakar wa Inna suna tsinkar zogale, Inna kuma ba ta iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya. Dattijuwa ce mai jiki, ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani, tun kafin a tambaye ta gumi ya jiƙa mata goshi.

Lauya ya ce, "Baba, yarinyar nan ta ba ku wahala a gidan?"

"Yarinya ce mai ladabi."

"Ba ta taɓa fita ba?"

Ta kalli Hajiyar walwala, Hajiya ta kalli silin. Ta ce an taɓa samunta bakin ƙofar gida da asuba. Aka ce sai kuma yaushe. Ta ce wata rana mai ƙosai ce ta dawo da ita daga bakin titi, tana tafe tana barci.

"To da kika ga haka me kika yi?"

Alƙali ya ce ta amsa.

"Na ɗaure ta."

"Da me?"

"Da mayafina. Da ƙafata na haɗa. Ranka ya daɗe, ɗiyar mutane ce, in mota ta take ta mi zan ce?"

Kotu ta kece da dariya, har ɗan sandan da ke tsaron ƙofa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Inna ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Allah shi miki albarka!" Aka yi barazanar fitar da ita. Lauya ya jira aka lafa, sannan ya tambayi dattijuwar ko ta sanar da ofis. Ta ce ta gaya wa Hajiya, Hajiya ta ce kada ta gaya wa kowa, kuma a shirya kayan yarinya a kai ta Bungudu.

Wannan ne bai ba ni dariya ba. Tun a makonnin farko sun san gaskiya. Da sun kira mu sun ce an yi kuskure, Yaya da hannunsa zai kai musu buhun gero na godiya. Suka zaɓi su bar mace tana bin hanyar Bungudu damina guda, don kada a ce sun yi kuskure.

Ranar hukunci alƙali ya yi karatu mai tsawo da Turanci, tafinta yana binsa yana tsallake rabi. Abin da muka tsinta shi ne: tsare Yaya ya saɓa doka, nuna shi a bidiyo ya saɓa doka, raba yarinya da iyayenta ba da umarnin kotu ba ya saɓa doka. A mayar da ita gida nan take, a biya diyya, a kuma nemi gafara a jarida. Ya ce malamar da ta kai rahoto ta yi aikinta, kada kowa ya tsangwame ta. Sannan ya ajiye takarda ya dubi Yaya, ya yi masa magana da Hausa.

"Malam, ka ci shari'a. Amma igiyar akuya ta akuya ce. Ka nemi ƙyalle mai laushi, ko ka sa wa ƙofa ƙararrawa."

Yaya ya ce, "To, ranka shi daɗe," yana sunkuye. Da muka fito ya ce mini a kunne alƙalin mutumin kirki ne, amma bai san komai game da ƙyalle ba.

A ranar muka ɗauki shatar mota zuwa Bungudu. Yarinyar ta ga uwarta da ubanta sun shigo tare, ta dube su, ta dubi Inna, ba ta ruga ba. Sai da uwar ta ce, "Ɗauko kayanki, gida za mu," sannan ta fashe da kuka. A hanya ta yi shiru har muka wuce gonakin rake. Daga nan ta fara ba mu labarin wata kaza ta Inna mai ƙwai biyu a rana, ba ta tsaya ba har Tudun Wada. Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Diyya dai har yanzu tana hanya. Lauya ya ce ana bin matakai, kuma na gane matakan irin na binciken nan ne. Neman gafara kuwa ya fito, da Turanci, a can tsakiyar wata jarida, ɗan mitsitsi, kusa da sanarwar matan da suka canza suna. Na kai wa Yaya ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce bidiyonsa har 'yan uwanmu da ke ci-rani a kudu sun gani, wannan kuwa ko shi da aka rubuta dominsa bai iya karantawa ba.

Saboda haka ya yanke shawarar yin tasa sanarwar. Ranar kasuwar Tsafe ya ɗauko mai shela, wani tsoho mai lasifika a kafaɗa wanda ya saba cigiyar ɓatattun awaki da tallan maganin basir. Ya ce in zo in tsaya kusa da shi da jaridar a hannu, a matsayin hujja. Na gaya wa tsohon abin da zai faɗa, kalma bayan kalma, ya ce ya gane. Ya kunna lasifika.

"Jama'a, ku saurara! Mai igiya ya kada gwamnati! Mai igiya ya kai 'yan sanda ƙasa! Manya sun durƙusa sun ce ya yi haƙuri! Mai neman gero da dawa da masara, ya nufi rumfar mai igiya!"

Na bi shi da gudu ina roƙonsa ya rage, kafin mu ma a kai mu ƙara. Ya ce shi ya fi shekara talatin yana shela, ba ɗan boko ne zai koya masa aiki ba. Ya zaga layin 'yan dabbobi, ya zaga 'yan tumatir, ya dawo ta tasha, kowane zagaye gwamnati na ƙara durƙusawa. Kafin azahar duk kasuwa ba mai kiran Yaya da sunansa na yanka.

Mutane suka taru a rumfar, wasu don awo, wasu don kallo. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ta sauko daga wajen Kwatarkwashi da ƙwaryar daddawa a ka. Ta kutsa har gaba, ta dubi Yaya, ta dubi jaridar da ke hannuna.

"Ɗan nan, wace igiya ce ake ta faɗi? Ni ban ji komi ba."

Na ce a raina ga wadda ta tsira ba ta san komai ba, a bar ta haka. Yaya kuwa ya ajiye tiya, ya jawo mata buhu ya ce ta zauna. Masu awo suna tsaye da kwanoninsu suna jira, shi kuma ya gyara zama, ya soma mata tun daga akuyar.